Gwangwani ko Takarda: Wanne Ya Fi Karɓar Hannu?

Zariya ba baƙuwar zane da sassaƙa ba ce. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society. Amma mai ƙera siffa da tarkacen gida, yawanci hanya biyu ke gabansa: ƙarfe ko takarda.

Ƙarfe shi ne gwangwanin madara, karyayyen cokali, murfin tukunya, sarƙar keke. Akwai ƙarko, gara ba ta cinsa. Sai dai in aikin ya girma dole ka nemi mai walda a Samaru ko Sabon Gari, ga tsatsa da damina. Kuma tunda 'yan gwangwan na saye da kilo, a gida ma gani ake kuɗi ka tara kana wasa da su.

Ni dai takarda ta fi kwanta mini a rai. Ka jiƙa tsofaffin jaridu da kwali kwana biyu, ka kirɓa a turmi, ka matse, ka cuɗa da sitaci ko ƙaro, sannan ka ɗora a kan waya. Na taɓa gina kan doki da tsofaffin littattafan rubutun ƙanena. Har yau shatin babban yatsana na nan a kumatun dokin, shuɗin biro kuma ya fito a wuyansa. Ƙarfe ba ya riƙe sawun hannu haka.

Matsalarta laima. Da hunturu nan da nan take bushewa, a watan Agusta kuwa sai fumfuna, shi ya sa sai Nuwamba nake fara jiƙo.