Hular kwanon da na saya a Tsohuwar Kasuwa, bayan wata huɗu

Ni dai tunda na koma Tumfure da zama kullum ina kan mashin zuwa cikin gari, kuma duk wanda ya san titin Bauchi da yamma ya san me nake nufi, tirela, tifa, keke napep, 'yan acaɓa kowa sauri yake kamar ana rabon gado. Gomben da ta zama babban birnin jiha a 1996 yanzu gidaje sun ɓulla ta ko'ina, mutane sun ninka amma tuƙinmu bai canza ba.

Hajiyarmu ce ta matsa min lamba sai da na saya. Mai shagon ya nuna min kala biyu, ɗaya shafal kamar robar wanka, in ka matsa da yatsa sai ta lotsa, ɗayar mai rufe har haɓa da farin soso mai tauri a ciki. Na ɗauki ta biyun duk da ta ninka kuɗi. Sosan nan shi ne aikin, shi ke shanye bugu kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Aibinta? Zafi wallahi. Da azahar kai na dahuwa, gilashin kuma sati uku ya fara karcewa, da daddare fitilar mota sai ta watsu maka a ido dole in ɗaga shi. Ga tsiyar abokai, wai ga ɗan sama jannati ya iso. Mutanen da a 2009 da 'yan Road Safety suka tilasta hula wasu ƙwarya suka kifa a ka, me za su gaya min.

Ranar wata Laraba wani mai napep ya yanko ba sigina wajen Tashar Dukku, na ja birki yashi ya kwashe ni. Gwiwa ta sale, wando ya yage, kaina ya daki gefen kwalbati ji kake ƙwas! Na miƙe da ƙafata. Wani dattijo ya ɗaga hular yana jujjuyawa ya ce "yaro, da kanka ne wannan da yanzu muna hanyar asibitin koyarwa na tarayya, FTH." Igiyar haɓa ce ta riƙe ta, da ban ɗaure ba da ta yi nata wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, ban da masu karaya da ke jinya wajen masu ɗori wata da watanni gida ba cefane.

Yanzu hular ta tsage ta gefe, kuma wadda ta sha bugu ba a sake dogara da ita, Asabar zan koma shagon, wannan karon mai ƙofofin iska zan nema.