The Witcher 3 a ma'auni, da abin da ya kamata na huɗu ya gyara

Duk wanda ya leƙa shagunan gem na Kano ya san ƙwallo ce ke riƙe da kasuwa, sai wasannin faɗa da na mota. Masu zama su yi wasan labari na awa ɗari ba su da yawa, amma a cikinsu da wuya ka samu wanda bai taɓa The Witcher 3: Wild Hunt ba. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ne ya fitar da shi a watan Mayun 2015, kuma tun da aka nuna tallan farko na The Witcher 4 a Disambar 2024, inda Ciri, 'yar riƙon Geralt, ta karɓi jagoranci daga hannun Geralt, mafarauncin dodannin da yake jarumin na uku, mutane suka koma neman tsohon. Ya cancanci kuɗinsa har yanzu, sai dai yana da lahani da ya kamata mai saye ya sani, kuma lahanin nan shi ne ma'aunin da za a auna sabon da shi.

Ƙarfin wasan yana cikin ƙananan ayyukan da ake ɗauka a gefen babban labari. Ɗauki aikin fatalwar rijiya a White Orchard, yankin farko. Za ka ciro sanarwar a allon ƙauye, ka je wurin mai ba da aikin, ka bi sawu a kangon gidaje, ka sauka cikin rijiyar ka ɗauko abin hannun matar da aka kashe, sannan ka ƙona gawarta kafin fatalwar ta bayyana. Idan ka afka mata da takobi kai tsaye, saranka kusan banza ne. Sai ka zana da'irar sihiri ta Yrden a ƙasa, ta shigo ciki, jikinta ya kamu, sannan takobin azurfa ya ci ta. Ƙaramin aiki ne, amma yana da bincike, yana da shiri, yana da labarin da zai taɓa ka. Haka yawancin ayyukan suke daga yankin Velen har birnin Novigrad. A labarin Bloody Baron kuwa, hukuncin da ka yanke a gindin wata bishiya zai dawo maka bayan awanni, ya shafi marayu da ƙauye guda da iyalin mutumin, kuma babu zaɓin da zai bar ka da farin ciki. Wannan jinkirin sakamako shi ne abu na farko da bai kamata na huɗu ya taɓa ba. Da zarar an fara nuna wa ɗan wasa wane zaɓi ne mai kyau wane ne mara kyau, armashin ya tafi.

Tsarin shiri kafin faɗa ma yana da ma'ana. Takubba biyu ne, na ƙarfe don mutane da namun daji, na azurfa don dodanni. Man da ake shafa wa takobi yana da mataki uku: na farko yana ƙara ƙarfin sara da kashi 10 cikin ɗari, na biyu 25, na uku 50, amma sai a kan irin dodon da aka haɗa shi dominsa. Magunguna sau ɗaya ake haɗa su, daga nan suna cika da kansu idan Geralt ya zauna hutawa, muddin akwai barasa mai ƙarfi a jaka. Matsalar ita ce a matakan wahala biyu na ƙasa ba ka buƙatar duk wannan. Garkuwar sihiri ta Quen da kaucewa da sara mai sauri sun isa su kai ka ƙarshen wasa. Shi ya sa shawarata ita ce a fara da mataki na uku, inda hutawa ba ta dawo da lafiya, dole ka ci abinci ko ka sha maganin Swallow, dole kuma ka karanta bayanin dodo kafin ka tunkare shi. A nan wasan yake nuna kansa.

Faɗan kansa shi ne rauni mafi girma. Maɓalli ɗaya kake dannawa, amma wasan ne ke zaɓar irin saran da Geralt zai yi gwargwadon tazarar abokin gaba: wani lokaci gajeren sara, wani lokaci sai ya yi juyi mai tsawo, a cikin juyin nan kuma a buge shi. Ba ka iya ƙiyasta lokacin da takobi zai sauka, kuma wanda ya saba da wasan Elden Ring, inda kowane sara yake da tsayayyen lokaci, zai ji bambancin nan take. Kulle ido a kan abokin gaba ɗaya yana rikicewa idan kerkeci biyar suka kewaye ka. Ciri ta ba kamfanin damar gyara wannan daga tushe. A tallan farko an gan ta da sarƙa tana kama dodo, tana haɗa takobi da sihiri. Abin da ake so shi ne kowane maɓalli ya yi abu ɗaya sananne, sara ya yi nauyi a hannu, dodo kuma ya canja salo idan an raunata shi.

Tafiya ma haka. Geralt yana da wuyar juyawa a cikin ɗaki, hawa tsani da iyo a ruwa suna gwada haƙuri, kuma a tsohon bugun faɗowa daga ɗan tudu kan kashe shi. Doki Roach yakan tsaya cak a bakin gada ko ya maƙale a shinge. Jaka tana farawa da nauyin 60, ta cika kafin ka ankara, sai ka sayi jakar sirdi ka riƙa kai kaya akwatin ajiya. Makamai suna lalacewa, kuɗin gyara yana cin na sabon shiga. Abokin gaba da ya fi ka mataki shida yakan fito da alamar ƙwarangwal a kansa, ya kashe ka da bugu biyu, ko da ɗan fashi ne da kulki. Wannan katangar lamba ce kawai, ba ƙwarewa ba, kuma ya kamata a rushe ta. Sai alamomin tambaya da suka cika tekun Skellige, yawancinsu akwatunan 'yan fasa-ƙwauri ne masu kaya iri ɗaya. Kashe su a taswira ya fi, wasan ya ba da damar haka.

A watan Yunin 2025 an nuna gwajin fasahar The Witcher 4 a kan injin Unreal Engine 5, yana gudu a PS5 na asali da hoto 60 a daƙiƙa, a yankin Kovir, Ciri a kan dokinta Kelpie ta shiga kasuwar wani gari cike da jama'a. Kamfanin da kansa ya ce gwajin fasaha ne, ba wasan ba ne, kuma ya ce ba zai fito kafin ƙarshen 2026 ba. Wanda ya tuna yadda Cyberpunk 2077, wani wasan wannan kamfanin, ya fito a Disambar 2020, har aka cire shi daga shagon PlayStation na wani lokaci saboda yadda yake sarƙewa a PS4, ba zai biya kuɗi tun kafin fitowa ba. Mai PS4 kuma kada ya sa rai.

Ga mai saye a Kano, akwai abubuwan da suka fi zane muhimmanci. Na uku ba ya buƙatar intanet bayan an saka shi, wannan babbar riba ce ga mai ƙirga data, kuma muna fatan na huɗu ya bi sahu. Girmansa ya kai wajen gigabait 50. Idan za ka sayi faifai a Beirut Road ko Farm Centre, nemi cikakken bugu wanda ya haɗa da ƙarin labaran nan biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine. Dalili shi ne yawancinmu akawun ɗin Amurka ko Ingila muke amfani da shi, kuma idan faifanka na Turai ne ka sayi ƙarin a shagon Amurka, ba za su haɗu ba, kuɗin ya tafi. Ka kuma sani cewa ajiyar wasa ta bugun farko ba ta buɗuwa a cikakken bugu a PS4. Sabuntawar Disambar 2022 kyauta ce ga mai PS5, amma mai faifai sai na'urarsa tana da gurbin faifai. A can ka zaɓi yanayin hoto 60, ya fi na ƙawa daɗin faɗa nesa ba kusa ba.

Ɗauke wuta a daidai lokacin da na'ura ke rubuta ajiya yana iya lalata fayil ɗin. Kada ka dogara da ajiyar da wasan ke yi da kansa. Ka riƙa yi da hannu a gurbi uku kana juya su, musamman kafin babban zaɓi. PS5 tana jan wajen wat 200 a wasa mai nauyi, ban da talabijin, don haka ƙaramar inbata ko UPS da za ta ba ka minti biyar ka ajiye ka kashe ta fi sabon pad amfani. Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma su ke sa fankar PS4 ihu a titunan Novigrad, inda jama'a suka fi yawa. A ɗaga na'urar daga kan kafet, a bar mata sarari ta baya, a buɗe a share fanka kafin zafi ya shigo.

Wasan na manya ne, 'yan shekara 18 zuwa sama. Akwai tsiraici, giya, zagi da yankan kai a fili, kuma ba duka ake iya kaucewa ba. Bai dace a kunna shi a falo gaban yara ba, bai kuma dace mai shagon gem ya saka wa ƙananan yara shi ba. Bugun da aka yi wa Gabas ta Tsakiya an rufe tsiraicin kuma yana da rubutun Larabci, wanda ya samu wannan faifan sai ya duba yankinsa ya dace da akawun ɗinsa kafin ya biya.