Kwalliya mai sauƙi ko mai nauyi, amsa ga amaryarmu ta Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Amaryarmu ta Daura na ga tambayarki tun daren jiya, ban samu zama ba sai yanzu da yara suka tafi islamiyya. Kin ce bikinki cikin watan Afrilu ne in Allah ya kai mu, za a yi kamu da walima a gida Daura, dina da dare a hol, sannan a kai ki Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ke wankan tarwaɗa ce mai maiƙon fuska, kin rasa wadda za ki ɗauka tsakanin kwalliya mai sauƙi da mai nauyi wadda suke ce ma hebi. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zamanki ne. Ni dai kwalliya ba sana'ata ba ce, amma na aurar da ƙanne uku da ɗiyar yayata, kuma ni ke zama kusa da amarya tun daga wanke fuska har ɗaurin kallabi, to abin da idona ya gani shi zan faɗa maki.

Mai sauƙin nan ba wai hoda da kwalli kawai ba ce kamar yadda wasu ke zato, ita ma aiki ce. Za a shafa maki faraima, man da ake fara sawa don kwalliya ta zauna, a sa fandeshan, wato shafin nan mai launin fata da ke rufe fuska, shafi ɗaya siriri yadda fatarki za ta riƙa leƙowa, konsila kaɗan a ƙasan ido da kan tabon ƙuraje, a danne da hoda, a cike gira da jagira a kan yadda Allah ya halicce ta, gazal, maskara, sai jambaki kalar ƙasa ko wanda ya yi kusa da launin leɓenki. Minti 40 zuwa awa ɗaya an gama. Mai nauyi kuwa gini ake yi, fandeshan mai kauri wani lokacin shafi biyu, a zana kwantuwa a gefen hanci da ƙasan kumatu don fuska ta ƙara tsawo, a lafta hoda a ƙasan ido a bar ta ta ɗan jima kafin a kakkaɓe, fatar ido kala uku ko huɗu da ƙyalƙyali, a manna gashin ido da gam, a zana leɓe a cike, a bi da hailaita mai sa fuska sheƙi. Wannan in mai kwalliyar ta san aikinta awa biyu za ki yi a kujera ba motsi.

To abu na farko da ya kamata ki duba ba hoton Instagram ba ne, rana ce. Ke kin san Afrilun Daura, zafi na kai digiri 40 har ya wuce, wuta ba tabbas, ɗakin amarya cike da ƙawaye da gwaggonni kowa na son ya gan ki, ga kaskon turaren wuta a gefe yana ta hayaƙi. A irin wannan wurin mai nauyi ba ta da daɗin ɗauka ko kaɗan musamman ga mai maiƙon fuska irinki, zufa za ta taso daga ƙasa ta rasa hanyar fita sai ki ga fandeshan ya fara tsagewa a gefen hanci da layin dariya, goshi na ƙyalli, kuma in aka ce za a gyara da ƙarin hoda sai ta dunƙule ta zama kamar dusar gero a fuska. Mai sauƙi ita ma tana gudu, kar in yi maki ƙarya, bayan awa huɗu ko biyar za ki ga ta kwanta, amma gudun mutunci take yi, ki danna tishu a hankali ba gogewa ba, ki ɗan bi da hoda da jambaki shi ke nan kin dawo.

Amma fa a dina magana ta juya. Fitilun hol masu ƙarfi da hasken kyamara suna wanke fuska, ga ki cikin leshi mai duwatsu da gwaggwaro da sarƙa, in kwalliyar ta yi sauƙi da yawa sai kayan su danne ki, a hoto a ga kamar ba a yi maki komai ba, ƙawayenki 'yan anko su fi ki fitowa. Nan ne mai nauyi ke da ranarta, dare ne, akwai esi in an yi sa'a, kuma awa uku ne ko huɗu a tashi. Sai dai ki kula da abu ɗaya, akwai farar hodar da ake danne kwalliya da ita wadda a ido ba a ganin komai amma da hasken kyamara ya dake ta sai ƙasan ido ya yi fari fat, saboda sinadarin silika da ke ciki yana maido da haske. Maganin abin da sauƙi, ranar da mai kwalliyar za ta yi maki gwaji kafin biki ki shiga ɗaki mai duhu a ɗauke ki hoto da fitilar waya a kunne, in ya fito za ki gani da idonki.

Gwajin nan kar ki yi wasa da shi don Allah, ko da za a caje ki kuɗinshi daban. Bari in ba ki labarin ƙanwata ta biyu. Ita baƙa ce mai kyau, irin baƙin nan mai sheƙi, muka ɗauko mai kwalliya da muka ga aikinta a waya kawai ba mu yi gwaji ba, ashe yawancin hotunan da filta ne. Ta zo a makare, ta buɗe akwati, duk fandeshan ɗinta na farare ne, ta ce kar mu damu zai zauna. Ƙanwata ta rufe ido aka yi ta shafawa, da aka gama fuska ta yi fari kamar an yi mata wanka da alli, wuya da kunne da hannun da aka yi ma lalle suna nan baƙaƙe. Kakarmu ta shigo da sandarta ta dube ta ta dubi sauran 'yan matan ta ce wai ina amaryar take. Yarinyar nan ta fashe da kuka, mata na tsakar gida suna jira, da man kwakwa da auduga na goge mata komai, wata ƙawarta mai irin launinta ta ba da hodarta muka yi mai sauƙi cikin minti 20. Har yau hoton kamun nan shi ne a rataye a falonta, amma ranar ba ƙaramin tashin hankali muka gani ba. Tun daga nan duk amaryar da ta biyo ta hannuna sai ta sayi fandeshan ɗinta da kanta. Akwai Zaron da Tara namu na gida, akwai Maybelline Fit Me mai busar da maiƙo, duk suna da launukan baƙar fata. Ki gwada a gefen muƙamuƙi ba a bayan hannu ba, ki fita waje cikin rana ki duba madubi, wanda ya ɓace a fatarki har kika rasa inda kika shafa shi ne naki. Ki kula da jabu, sun cika kasuwa. In launi ya dace ko mai nauyi ce za ta yi kyau, in bai dace ba mai sauƙin ma ba za ta cece ki ba.

Sai maganar sallah, wadda masu kwalliya da yawa ba za su tuna maki ba don su aikinsu ne a gabansu. Kamu bayan la'asar ake farawa, kafin ki ankara an kira magariba. Mai sauƙi ko alwalarki ta karye ba wani abu, ki wanke fuskarki ki yi alwala ki yi sallah, ƙawa ta mayar maki cikin ɗan lokaci. Mai nauyi kuwa yawanci da kayan da ruwa ba ya ratsawa ake yin ta, ga gam a fatar ido, sai an cire duka kafin ruwa ya taɓa fata, kuma wallahi nan ne shaiɗan ke samun amare, a ce bari dai a gama taro, a haɗa la'asar da magariba da isha'i a tsakar dare a ranar da kike neman albarka. In za ki yi mai nauyi ta dina ki tsara lokacin da mai kwalliyar tun wuri, ki zauna da alwalarki, ki rage shan lemo, ki samu isha'i kafin ku fita. Gira kuma tun kafin ta ɗauko reza ki ce mata a'a, hadisin da ya hana cire gashin gira sananne ne, kuma wadda ta iya aiki da konsila kawai za ta share gefen ta fito tsaf ba tare da an taɓa gashi ko ɗaya ba. Gashin ido na kanti malamai sun yi magana a kanshi, ki tambayi malamarku ta islamiyya ki samu natsuwa, ni dai ƙannena maskara kawai suka sa kuma idonsu ya fito.

Ranar kai amarya kuwa ba na ma son a kawo maganar mai nauyi. Za a kai ki gaban Baba ya yi maki nasiha, Mama ta riƙe hannunki ta kasa magana, ke kin san ba amaryar da ke fita daga ɗakin nan da busasshen ido. Daga nan ki shiga mota, Daura zuwa Katsina wajen kilomita 80 ne, fiye da awa ɗaya kina lulluɓe cikin lifaya kina kuka kina zufa. Na taɓa ganin amaryar da gashin ido ɗaya ya ɓalle ya manne a kumatu, baƙin gazal ya yi layi har haɓa, farar lifayarta duk ta yi jirwaye da fandeshan, a haka aka shiga da ita wajen uwar miji. Kuma a buɗar kai dangin miji fuskarki suke son gani, ita za su riƙa gani gobe da jibi, hoda da kwalli da ɗan man leɓe sun isa, ƙamshin humra da turaren wuta su yi sauran aikin.

Wani abin da ke lalata duka biyun shi ne gyaran jikin da aka matsa kusa da biki. Dilka da halawa suna da kyau, fata na yin laushi kwalliya ta kwanta luf, amma a gama na fuska da kwana uku ko huɗu kafin kamu don fatar ta huce. Kar ki yarda wata ta ba ki haɗin mai wai na hasken amare saura sati biyu, da yawansu akwai sinadaran bilicin a ciki waɗanda NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu, fuska ta yi ja, ƙuraje su feso, sai dole a lafta mai nauyi don a rufe ɓarna. Baƙin lallen nan ma na zamani ana haɗa shi da rinin gashi mai sinadarin PPD, wasu yana ƙona masu fata ya tashi ruwa, ki sa a ɗiga maki kaɗan a cikin hannu ki jira awa 48 ki gani. Kwallin dutse kuma wani akwai dalma a cikinshi, gara ki nemi gazal na kamfanin da aka sani. Sannan ki kalli burushi da soson mai kwalliya, lokacin biki fuska nawa take taɓawa a rana, in ba ta wanke ba ciwon ido da ƙuraje ne za ki kwasa, soso da maskara da jambaki ki riƙe naki a jaka.

Ta fannin kuɗi ba sai na faɗa ba, mai nauyi ta fi tsada, ga kuɗin ɗauri, in kuma daga Katsina za ki ɗauko ta ga kuɗin mota da na zuwa gida. In kika ce kowane taro sai hebi kuɗin da zai saya maki wani abin a kicin ne zai tafi a abin da za ki wanke da dare. Masu biki cikin hunturu su nasu lissafin daban ne, su bushewa ce matsalarsu ba zufa ba, sai an ƙoshar da fata da mai kuma a rage hoda, in ba haka ba leɓe ya tsage fuska ta yi furu-furu.

To ni in ƙanwata ce ke, kuma ƙanwar tawa ce, ga yadda zan tsara maki. Kamu da walima mai sauƙi, a ɗan ƙara ma ido armashi ranar kamu tunda akwai hoto. Dina a yi mai nauyi amma ba can ƙurya ba, a bar hancinki yadda yake, a zaɓi wuri ɗaya a ƙarfafa, ko ido ko leɓe, in jan jambaki za ki sa to ido ya lafa. Kai amarya hoda da kwalli. Ki kira mai kwalliyar ku yi gwaji saura sati uku, ki ce ta yi maki da tsakar rana, ki wuni da ita a gida kina aikinki har la'asar ki ga yadda za ta kasance a fuskarki, ki nuna ma Mama ki ji abin da za ta ce. Ki turo mani kalar kayan dinar taki da na kamun in taya ki duba jambakin da zai hau.