Dan Allah ku kula da masu tallan wasan haɗa hoto mai araha, sun cuce ni

Salam 'yan uwa, musamman mu da muke aikin kula da tsofaffi a nan Ingila, dan Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin wani ya sake tura musu kuɗinsa.

Akwai wani dattijo a gidan da nake aiki, ya haura tamanin, tsohon direban bas ne kuma ciwon mantuwa ya fara kama shi. Abin da ya ci da safe ba zai iya gaya miki ba amma ki nuna masa hoton tsohuwar mota yanzu zai faɗi sunanta da shekarar da aka fara yinta. Abin da ya fi so a duniya shine wasan nan na haɗa hoto da suke cewa jigso, hoto ne a jikin kwali an yayyanka shi gutsi-gutsi sai mutum ya zauna ya mayar da kowanne mazauninsa. Kuma ba kowane hoto yake so ba, sai irin na ƙauyen Ingila na da, mai shagon burodi da jan akwatin wasiƙa da motar Morris Minor a bakin titi da jirgin ƙasa mai gawayi yana hayaƙi ta baya. Irin wannan jirgin tun 1968 aka daina jigilar fasinja da shi a manyan layukan ƙasar nan, Morris Minor kuma daga 1948 zuwa 1971 aka yi ta, to kun ga ƙuruciyarsa ce gaba ɗaya a cikin kwali guda. Ni kaina in na ga ɗan aiken wasiƙa a kan keke a hoton sai na tuna keken Raleigh na mahaifinmu Allah Ya jiƙansa, dan haka na san abin da tsohon nan yake ji.

Ranar haihuwarsa ta matso sai na ce bari in saya masa da kuɗina. Ina duba Facebook da daddare talla ya fito min, wai wani ƙaramin shago ne na mata da miji za su rufe saboda tsufa, suna karyar da kaya, guda 3 fam 20, alhali guda ɗaya mai ƙwaya 1000 na kamfanin kirki a shago yakan kai wajen fam 15. Har da hoton tsofaffi biyu a ƙofar shago, da agogo a saman shafin yana ƙirga wai saura minti kaɗan garaɓasar ta ƙare. Tausayinsu na ji wallahi, na saka lambar katina na biya.

Washegari na duba asusuna na ga da dala aka cire kuɗin, kuma sunan da ya fito daban yake da sunan shagon. Sati shida ina jira, ranar haihuwar ta zo ta wuce, sannan wata 'yar leda ta iso daga ƙasar waje, guda ɗaya tak maimakon uku, babu kwali babu komai, sai wata takarda a ninke mai hoton. Ƙwayoyin ƙanana kamar farce, sirara har lanƙwashewa suke, ga wani warin fenti. Hoton ya dushe fuskokin mutane duk sun caɓe, alamar daga intanet suka kwafo suka buɗa shi, kuma kusurwar da mai zanen yake sa hannu an yanke ta. Na zauna kwana biyu ina haɗawa a ɗakina dan in tabbatar, ƙwayoyin basa kama juna, ki ɗan taɓa tebur duk su watse, a ƙarshe kuma guda 4 babu su.

Abin da ya fi tayar min da hankali girman ƙwayoyin ne. Duk wadda ta yi aikin nan ta san mai ciwon mantuwa yana iya ɗaukar ƙaramin abu ya kai baki, da ban buɗe na duba ba na miƙa masa haka nan fa? Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na rubuta musu, sai bayan kwana biyar suka amsa wai in riƙe kayan su mayar min da fam 4, ko kuma in aika musu da shi can ƙasar waje da kuɗina wanda kuɗin aikawar ma ya fi na kayan. Na ce ban yarda ba, daga nan shiru. Yanzu shafin ma ya ɓace, amma jiya na ga hoton tsofaffin nan biyu dai a wani tallan da sabon suna, labari iri ɗaya. Kuma wata 'yar uwa da na tura wa tallan a WhatsApp tun farko ita ma ta biya amma ko ledar ma bata samu ba, wannan ne ya sa na kasa yin shiru.

In kin riga kin biya, ki kira bankinki yau ki ce kina so a bi miki kuɗinki ta hanyar katin saboda kayan da aka turo ba shi aka tallata ba, ki ɗauki hoton tallan da ledar da saƙonninku duka dan za su tambaya, kuma akwai wa'adi, yawanci kwana 120 ne. Dokar nan ta katin bashi da ake cewa sashe na 75 sai kaya ya haura fam 100 take aiki, dan haka kar ki dogara da ita a nan. Ni na sa an toshe katin ma an bani sabo tunda lambar tana hannunsu. In kuma aka ce ki biya ta PayPal a matsayin kyauta ga 'yan uwa da abokai kar ki yarda, wannan hanyar babu kariyar mai saye a cikinta.

Kamfanonin gaske sanannu ne, akwai Gibsons na nan Ingila tun 1919, akwai Ravensburger na Jamus tun 1883 mai alamar shuɗiyar kusurwa a gefen kwali, mai ƙwaya 1000 nasu yana kai santimita 70 da 50 in an gama haɗawa, kuma suna rubuta sunan mai zanen a jiki. Shagon kirki zai sa adireshinsa da lambar waya, wannan da ya cuce ni ba ko ɗaya sai imel.

A ƙarshe shagon sadaka na unguwarmu na shiga na samu wani mai manyan ƙwaya 500 a fam 3, hoton jar bas a tsakiyar kasuwar ƙauye, na ƙirga su cif kafin in kai masa. Kuɗina kuma banki sun ce suna kan bincike, in sun dawo zan sanar da ku a nan in sha Allah.