Rautarka ta lalace, kamfani ya aiko maka da gyararriya: ka karɓa ko ka mayar?

Kwalin ne ke fara ɓata wa mutum rai. Ba hoto, ba ado, sai wata 'yar takarda manne a gefe da ke cewa na'urar gyararriya ce. Kai kuwa rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sabuwa fil ka saya, ta yi 'yan watanni ta fara yanke intanet tana kashe kanta, ka mayar da ita cikin garanti, ga abin da aka aiko maka. Kafin ka ɗaga waya da faɗa, ka buɗe takardar garantin. Yawancin kamfanonin da ke ƙera rauta sun rubuta a ciki cewa suna da damar musanya maka da sabuwa ko gyararriya, muddin aikinta ya kai na wadda ka saya. Hanyoyin da ke gabanka uku ne: ka karɓa, ka nemi kuɗinka ko sabuwa a wurin wanda ya sayar maka, ko ka haƙura ka sayi wata.

Ni dai ban ga laifin gyararriya ba in daga hannun kamfanin ta fito. Sau da yawa ma ba lalacewa ta yi ba. Wani ne ya saya, saitin ya gagare shi ko ya sake shawara, ya mayar, kamfani ya gwada ta, ya goge abin da ke ciki, ya sake rufe ta. Rautar gida ba ta da batir kamar wayar hannu, yawancinsu ko fanka ba su da ita. Abin da ke gajiya a cikinta shi ne kapasito, ɗan kayan da ke tara wuta na ɗan lokaci, wanda zafi ke cinyewa a hankali, sai kuma adaftar wuta. Adaftar nan kuwa ita ce ta fi yaudarar mutane: in ta yi rauni, rauta lafiyayya sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Idan kamfani ya ce ka aiko da na'urar kaɗai ka riƙe adaftarka, to ka gwada wata mai ƙarfin wuta iri ɗaya (da yawa volt 12 suke amfani da shi, an rubuta a jiki), don kada ka jona wadda aka aiko maka da ainihin mai laifin.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne ƙasan na'urar. Juya ta, ka karanta lambar samfurin da ɗan harafin da ke biye, V1 ko V2 ko V3. Rauta biyu na iya ɗaukar suna ɗaya da kamanni ɗaya, amma kayan cikinsu daban, manhajar da ke tafiyar da su ma daban. Idan V3 ka saya aka ba ka V1, an mayar da kai baya, domin kamfani kan daina fitar da sabuntawar tsaro ga tsofaffin samfura tun suna aiki garau. Rauta kuwa ita ce ƙofar gidanka ta intanet, duk wata waya da kwamfuta ta nan suke bi. Ka shiga shafin kamfanin ka duba ranar da aka fitar wa wannan samfurin sabuntawa ta ƙarshe. Ka duba kuma ko ba a rage maka zamani ba: wanda ya sayi Wi-Fi 6, da ya shigo kasuwa a 2019, kada ya karɓi Wi-Fi 5, wanda ya sayi mai tsaron WPA3 na 2018 kada ya yarda da mai WPA2 kaɗai. A kan wannan ya kamata ka dage, ba a kan kyan kwali ba.

Garantin ma ba ya komawa farko. Abin da aka fi yi shi ne a ba ka ragowar kwanakin garantinka na asali, wasu kamfanonin su ce ko kwana 90 in ragowar ba ta kai haka ba. Ka nemi a rubuto maka ranar ƙarewarsa tare da lambar sabuwar na'urar, ka ajiye da rasitinka na farko.

Neman kuɗi ko sabuwa ya fi ƙarfi ne idan rautar ta lalace a makonnin farko, kuma wurin mai sayarwa ake zuwa, ba wurin mai ƙerawa ba. Dokoki sun bambanta: a Birtaniya dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa na ɗauke da alhakin aibin kayansa na aƙalla shekara 2. Ka san ta ƙasarka kafin ka aika na'urar ko'ina.

Sayen wata kuwa sai in tsohuwar dama ta yi wa gidan kaɗan, ko kuɗin aikawa da kwanakin zama ba intanet sun fi ƙarfin abin da za a dawo maka da shi.

Idan ka karɓa, kada ka jona ta ka manta. Danna maɓallin riset, mai mayar da ita saitin kamfani, ka riƙe na kamar daƙiƙa 10, ka sabunta manhajarta, ka canza kalmar sirrin shiga saiti. Gwada zangon Wi-Fi ɗinta biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz, ka soka kebul a kowace kafa ta baya, ka bar ta a kunne kwana biyu ko uku kana taɓa ta ka ji zafinta. Rauta mai haɗuwa da manhajar waya ka tabbatar ba ta maƙale da asusun mai ita na farko ba. Wasu masu ba da intanet suna ɗaure layi da lambar MAC ta na'ura, wato lambar shaidarta a layin intanet, in naka haka yake sai ka kira su ka ba su sabuwar lambar. Taka da ta lalace kuma, in ba ka riga ka mayar ba, in har tana kunnuwa, ka yi mata riset tukuna, domin kalmar sirrin gidanka da bayanan shiga layinka suna cikinta.