Na ɗauke filtar baƙin mai daga ƙarƙashin tsohon Triumph ɗina na maida ita sama

Mashin ɗin Triumph Bonneville T120 ne ƙirar 1969, mai silinda biyu, 650cc, irin wanda giyarsa ke ƙafar dama birki kuma ƙafar hagu, wanda in ka saba da mashinan yanzu ka hau shi ranar farko sai ka taka giya kana neman birki. Na baffana ne, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru a jingine a zaure an lulluɓe shi da tabarma kafin na roƙa aka bar min. Shekara biyu muka yi muna tada shi ni da wani tsohon bakanike a nan Kaduna da nake ce wa Baba, mutumin da ya san waɗannan mashinan na Ingila tun suna yawo a titi.

To abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan mashin bai zo da filtar kirki ba daga kamfani. Baƙin man ba a cikin inji yake kwana ba, tankinsa daban yake a ƙarƙashin sit ta gefen dama, yana cin kusan lita 3, famfo ya jawo ya tura cikin inji, wani ɓangaren famfon ya kwaso ya maido tanki. Duk tacewar da ake yi raga ce guda biyu, ɗaya a tanki ɗaya a gindin inji, su kuma sai dai su tare babban abu kamar gutsuren ƙarfe ko ɓallin gasket. Ƙananan datti kuwa akwai wani rami a cikin karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji, da juyawar ke wurga su ciki su taru, in ya cika ya toshe hanyar mai shikenan ka ji ƙwanƙwasa, kuma ba ka isa ka wanke ramin nan ba sai ka farke injin gaba ɗaya. Da can baƙin man da ake zubawa yana barin datti ya kwanta, na yanzu kuwa irin su 20W50 yana riƙe dattin ne yana yawo da shi har sai ya gamu da filta, to in babu filtar fa? Ga ƙurar mu ta hunturu. Shi yasa na yi oda daga Ingila aka kawo min kan filta irin wanda ake ɗaura mata gwangwani, salon na mashin ɗin Norton Commando, da maƙalinsa da tiyo da kilif.

Kayan kansu ba ni da ƙorafi sosai a kansu. Kan filtar alminiyom ne mai kauri, zarensa ya zauna daidai, gwangwanin kuma irin na tsohuwar motar nan ce Citroën 2CV, ƙarami, don haka ba wani abu ne na musamman da sai wuri ɗaya ake samu ba, ko da yake ni guda huɗu na sa aka haɗo min don kar in zo ina yawon nema. Inda suka gaza shi ne maƙalin da kuma takardar bayani. Takardar rabin shafi ce, hoto ɗaya baƙi ƙirin kamar an yi fotokwafi sau goma, ta ce a ɗaura a ƙasa bayan giyabos gaban tayar baya. Haka muka yi. Baba tun ranar ya kalle ta ya ce ɗana wannan wurin na masu kwalta mai santsi ne, ni kuma da ɗokin sabon abu na ce Baba ai waɗanda suka ƙera sun fi mu sani. Bai ƙara cewa komai ba ya ɗaure noti.

Wata bakwai na yi da ita a wurin kuma kullum da abin da zan gani. Tayar baya duk abin da ta kwaso a kanta take watsawa, lokacin damina in na dawo ba ka ma gane akwai filta a wurin, dunƙulen jan laka ne kawai. Sifirin ɗin babban jak yana gogar gwangwanin har ya cinye fenti. Ranar canjin mai kuwa sai na kwanta a ƙasa kamar mai neman allura, hannu ba ya shiga, kuma da yake a kwance take in ka kwance ta man sai ya bi firam ya ɗiga dab da taya, mai a kan tayar baya kuwa kowa ya san ba abin wasa bane. Abin da ya ƙarasa min shi ne wata ranar Asabar ina dawowa daga Zariya na ratse wata hanyar ƙauye, na ji tas a ƙasa, da na tsaya na leƙa dutse ya lotsa gindin gwangwanin, bai huda ba amma saura kaɗan. Na tsaya a bakin hanya ina lissafin da ya huda fa, famfo zai ci gaba da zubar da man a ƙasa ina tafe ban sani ba har tanki ya ƙare, a injin da sai an yi wata ana jiran kayansa daga waje. Washegari na tura wa Baba mashin, ya ga lotsawar ya yi dariya ya ce waɗanda suka ƙera sun gaishe ka.

Wuri biyu muka duba. Na farko gaba, jikin ƙarfen firam da ya sauko gaban inji, wurin yana shan iska sosai man zai ɗan huce kuma hannu na kaiwa, amma bututun salansa biyu nan suka fito, ga tayar gaba ita ma tana harbo tsakuwa, ga doguwar tiyo da za a ja, sannan gaskiya ni ban so ganin gwangwani a fuskar mashin ɗin ba, ya ɓata masa kyau. Na biyu shi ne sama ta gefen hagu bayan murfin nan inda jakar sifana take zama. Nan muka zaɓa. Jakar sifana ta koma aljihun jaka ta, ban yi asarar komai ba.

Maƙalin da ya zo da kayan bai yi ba sam, sai muka yanka kwali muka gwada har ya zauna, na kai Panteka wani mai walda ya yanko min shi a farantin ƙarfe mai kauri ya lanƙwasa ya huda, ko awa ɗaya bai yi ba. Na ce kar a yi walda a jikin firam kuma kar a huda shi, a kan notin da suke wurin tun asali muka kama, saboda ina so duk ranar da na ga dama in cire komai mashin ya koma yadda baffa ya bar shi. Mun sa roba tsakanin maƙalin da firam don wannan injin yana da jijjiga, duk notin da ba a sa masa wasa mai sifirin ba, wato zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, sai ka neme shi a hanya. Filtar yanzu a tsaye take bakinta sama, ina iya cika ta da mai kafin in ɗaura, in na kwance kuma ba ta zubar min.

Tiyo kam kar ka yi rowa, kuɗin ta ya fi na walda. Wadda suka turo ta yi gajarta, yaron shago ya kawo wata ta fetur Baba ya jefar masa da ita, sai da muka samo mai zare a ciki wadda take jure zafin mai. Bakin kan filtar ya ɗan fi bututun mashin ɗin kauri, sai da aka sa ɗan mahaɗi a tsakani. Mun bi da ita ta bayan inji nesa da cen, duk inda za ta taɓa ƙarfe muka sa mata riga, ba mu bari ta yi lanƙwasa mai tsini ba.

A kan layin dawowa ake sa ta, wato man da ya fito daga inji zai koma tanki, ba a kan layin da ke saukowa daga tanki ba, domin wancan nauyin man ne kawai ke kai shi bakin famfo, ka sa masa wani abin tarewa ka sa injin ƙishi. Kuma akwai ɗan siririn bututu da ya rabu daga layin dawowa a wajen tanki yana kai mai saman inji wurin rokas, ƙarafan da ke buɗe bawul, to sai man ya bi ta filtar kafin ya kai wannan bututun, kenan su ma tataccen mai suke sha.

A nan ne muka kusa yin ɓarna. Baba ya tafi sallar la'asar ya bar yaron ya ɗaure kilif, yaron ya juya tiyo biyun, ta shiga ya sa a fita. Ita filtar nan man ta ƙananan ramukan gefe yake shiga ya fito ta tsakiya, kuma akwai wata roba a ciki da ke hana shi komawa baya, in ka juya ka rufe masa ƙofa kenan. Na buga kik ya tashi, na buɗe murfin tanki ina jiran in ga mai yana tsartuwa, shiru, na ƙirga har ashirin shiru, sai ga tiyo ta kumbura tana gumi a bakin kilif, na kashe da sauri. Yaron ya ce wallahi oga yadda na gani haka na sa, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda babu ko kibiya a jikin kan filtar, wannan ma laifin masu sayarwa ne, me zai ci musu su buga alama. Baba ya dawo ya zare man da ya taru a gindin inji, ya hura bututun da baki ya gane wanne ne wanne, ya ɗauki ƙusa ya karta alama da hannunsa. Da aka sake tayarwa cikin ɗan lokaci sai ga mai yana dawowa tanki yana tofowa da kumfa, wanda haka ya kamata, don ɓangaren kwasowa ya fi na turawa ƙarfi shi yasa yake haɗowa da iska.

Yanzu wata biyar kenan. Babu ɗigo, gwangwanin tsaf kamar ranar da aka sa, canjin filta minti biyar a tsaye ba kwanciya. Abin da na lura da shi, da safe man yana ɗan jinkirin dawowa tanki fiye da da saboda tiyo ta ƙara tsawo kuma hawa take yi, don haka na saba sai na leƙa tanki na gani da idona kafin in ja. Wurin ba ya shan iska kamar ƙasa, in na yi doguwar tafiya da rana murfin gefen yana ɗumi a cinya, bai kai ya dame ni ba dai. Murfin ma sai da muka ɗan turo shi waje da wasa biyu kafin ya rufu, in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Mai kuma ya ƙaru da kamar kofi ɗaya a kowane canji.

Tsohuwar filtar da ta lotsa na sa an yanka ta da zarto don in ga ko kuɗina sun yi aiki, na ware takardar a rana, ga wani baƙin abu kamar kwalli a cikin ninkin, na goga maganaɗisu ya ɗauko ƙananan ƙyalli, duk wannan da cikin ramin karanshaf za shi. In za ka saya ka saya, kan filtar yana da kyau, maƙalin da tiyon kuwa ka ɗauka ba su zo ba. Baba ya ce duk da haka in an buɗe injin nan gaba sai ya duba ramin da kansa, shi bai yarda da gwangwani ba.