Rikicewar bugun zuciya da ta daɗe: wace irin ƙuna za ka yarda a yi maka?

Idan likitan zuciya ya ce magani ya gaza, sai an shiga da kateta, wato siririyar waya da ake zurawa ta jijiya har zuciya, an ƙona wurin da ke rikita bugun, zaɓi biyu ne a gabanka: da me za a ƙona, da kuma ina za a ƙona. Na biyun ya fi nauyi, amma shi ne majinyata ba su cika tambaya ba.

A wannan ciwo, da likitoci ke kira AF, ɗakunan sama na zuciya karkarwa suke yi maimakon su matse a tsare. Idan ya wuce kwana 7 bai lafa ba, ya zama mai naci. Idan ya haura shekara guda, naman ɗakin hagu yakan buɗe ya yi tabo, aikin ya ƙara wuya.

Tushen aikin ɗaya ne. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa tartsatsin lantarkin da ke tayar da ciwon galibi daga bakin jijiyoyi huɗu masu dawo da jini daga huhu yake fitowa. Ana zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har zuciya, a huda bangon da ya raba ɗakunan sama, a zagaye bakin jijiyoyin da tabo. Tabo ba ya ɗaukar lantarki, sai tartsatsin ya rasa hanya. Duk tsarin da aka kawo maka, wannan killacewar tana ciki.

Gardamar tana kan ƙarin da ake yi bayanta. Hankali zai ce tunda ciwon ya daɗe, a ƙona wurare da yawa. Gwajin STAR AF II na 2015, mai majinyata 589, ya ƙaryata haka. Bayan wata 18, kashi 59 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa killacewa kaɗai sun rabu da ciwon. Waɗanda aka ƙara wa ƙona wuraren da lantarki ke wargajewa sun tsaya a kashi 49, masu ƙarin layukan ƙuna kuma 46. Aiki ya ƙaru, riba babu. Gwajin CAPLA na 2023 ya duba ƙara killace bangon bayan ɗakin hagu, sakamakon ya zo kusan kunnen doki da killacewa kaɗai. Shi kuwa DECAAF II, inda aka bi tabon da hoton MRI ya nuna aka ƙone, bai ƙara nasara ba, har ma an fi samun shanyewar ɓarin jiki a wannan rukuni.

Ƙari biyu ne na ga sun cancanci a saurare su. Akwai wata ƴar jijiya a bayan ɗakin hagu, jijiyar Marshall, da ake ɗura wa sinadarin etanol ya kashe naman da kateta ba ta iya cimma daga ciki. A gwajin VENUS na 2020 nasara ta tashi daga kashi 38 zuwa 49. Sai aikin haɗin gwiwa, inda likitan tiyata ke shiga ta ƙaramar kafa a ƙasan ƙashin ƙirji ya ƙona bayan zuciya ta waje, likitan kateta ya ƙarasa ta ciki. A gwajin CONVERGE ya ba da kusan kashi 68, kateta kaɗai kashi 50. Sai dai tiyata ce, da kwanciya asibiti da haɗarinta, don haka ta fi dacewa da wanda ciwonsa ya haura shekara.

Batun makami kuwa, bambancinsa ya fi fitowa wajen haɗari. Zafi shi ne tsohon hannu, ana ɗiga shi ɗigo-ɗigo, yana zana kowane irin layi, amma hanyar abinci na manne da bayan zuciya, kuma ƙonewarta, ko da yake ba kasafai ba, tana iya kisa. Balan-balan mai daskarewa ta fi sauri, matsalarta taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wadda galibi takan farfaɗo. Sabon shiga shi ne bugun lantarki mai ƙarfi da ke huda ƙwayoyin naman zuciya ya ƙyale maƙwabta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar farko a ƙarshen 2023. Yana da sauri, amma sabunta ba ta sa ya zama tabbacin waraka ba. Ni dai na fi duba hannun da ya saba da makaminsa.

Ka tambayi likita aiki irin wannan nawa yake yi a shekara, wane ƙari zai yi bayan killacewa da dalilinsa, da abin da zai yi idan ciwon ya dawo, domin masu ciwo mai naci da yawa sai an koma karo na biyu. Rikicewar bugu a makonnin farko ba ta nufin aiki ya lalace. Maganin tsinka jini kuma ba a barinsa aƙalla wata 2, ci gaba da shi ya danganta da haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare ka. Kafin ranar aiki, a fara da rage ƙiba, barin giya, daidaita hawan jini da gwajin ɗaukewar numfashi cikin barci, domin kowannensu na iya dawo da ciwon.